ƁARIN CIKI DA GWAJIN ZAREN GADO: DARASI GA MA'AURATA DA DANGINSU

Gabatarwa

A kowace unguwa ta ƙasar nan, tun daga Hausari da Gwange a birnin Maiduguri har zuwa ƙauyen da ya fi kowane nisa, da wuya a sami babban gida wanda ba a taɓa yin ɓari a cikinsa ba. Al'amari ne da ba a cika yin maganarsa a fili ba. Babu taron suna, babu zaman makoki. Matar ta kan kwanta kwana biyu ko uku, sa'an nan ta tashi ta koma aikin gida, baƙin cikinta yana ƙunshe a ranta. Idan abin ya maimaitu sau biyu ko uku, sai maganganu su soma fitowa. Wani ya ce daka ce ta yi mata yawa, wani ya ce kishiya ce ta yi mata asiri, wani ya ce iska ce ta shafe ta, dangin miji kuwa su fara raɗe-raɗin cewa mahaifarta ba ta riƙe ciki. Aure da yawa ya mutu a kan irin wannan zargi, zumunci da yawa ya yanke.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a abin da binciken likitoci ya tabbatar: kimanin rabin ɓarin da a ke yi a watanni uku na farko yana faruwa ne saboda wani kuskure na ƙidaya da ya auku a jikin ɗan tayin tun ranar da cikin ya shiga. Babu hannun matar a ciki, babu na mijin, balle na kishiya. Akwai kuma gwaji da ke iya nuna wannan kuskure. Za mu duba mene ne gwajin, wa ya kamata ya nema, yaya a ke shirya masa a gari kamar Maiduguri, da kuma yadda a ke fahimtar sakamakonsa.

Yawan ɓari a duniya

A asibitocin ƙasar nan, cikin da ya zube kafin ya kai mako 28 shi a ke kira ɓari. Mafi yawansa kuwa yana aukuwa ne kafin mako na 12. A shekarar 1975 ko a yau, babu ƙasar da ta kuɓuta daga wannan, ko mai arziki ko matalauciya. A shekarar 2021 mujallar likitoci ta Lancet, wadda a ke bugawa a Ingila, ta tattara bincike daga ƙasashe da dama, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa ya kan zube, watau kimanin ɓari miliyan 23 a duniya kowace shekara. Bisa ga wannan lissafi, kimanin mace ɗaya cikin goma ta taɓa yin ɓari sau ɗaya, kimanin biyu cikin ɗari sun yi sau biyu, waɗanda suka yi sau uku ko fiye kuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Darasin farko ke nan. Macen da ta yi ɓari ba ita kaɗai ba ce, kuma ɓari ɗaya ba alamar cewa ba za ta haihu ba ne. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya su kan haifi cikin da ya biyo baya lafiya lau.

Mene ne zaren gado?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai waɗansu zarurruka masu ɗauke da umarnin yadda jiki zai ginu: launin fata, tsawo, rukunin jini, yadda zuciya da ƙwaƙwalwa za su tsiro. Masana suna kiran kowane ɗaya daga cikinsu kuromosom. A wannan darasi za mu kira shi zaren gado, domin ta hanyarsa ne ɗa ke gadon kamannin iyayensa. A jikin waɗannan zarurruka ne ƙwayoyin gado kimanin 20,000 su ke jere.

Adadin zaren gado a ƙwayar jikin mutum 46 ne, an haɗa su biyu-biyu, watau tagwaye 23. Masana sun daɗe suna zaton 48 ne, sai a shekarar 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙidaya su daidai a birnin Lund na ƙasar Suwidin. An ba tagwaye 22 lambobi daga 1 zuwa 22. Tagwaye na ƙarshe su ne masu bambanta namiji da mace: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya.

Domin sauƙin fahimta, mai karatu ya ɗauka cewa akwai littattafai 23 na umarnin ginin jiki, kowane littafi kuma mutum yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwan mace yana ɗauke da kwafi ɗaya na kowane littafi, watau 23. Ƙwayar maniyyin namiji ita ma 23. Idan suka haɗu sai lissafi ya cika 46. A lura da cewa ƙwan mace kullum X ya ke kawowa. Maniyyin namiji ne ke kawo X ko Y, saboda haka ta ɓangaren uba ne a ke samun bambancin ɗa namiji ko 'ya mace. Wanda ya ke fushi da matarsa don tana haihuwar 'ya'ya mata, sai ya sake tunani.

Yadda kuskure ke aukuwa

Kafin ƙwai ko maniyyi ya nuna, tilas ne tagwayen nan 23 su rabu, kowane ya kama gabansa. A wurin wannan rabuwa ne a kan sami tuntuɓe. Kuskuren da aka fi gani iri uku ne.

Na farko, ƙarin zare ɗaya. Tagwaye biyu su ƙi rabuwa, su tafi tare, sai ɗan tayin ya sami kwafi uku a gurbin biyu, jimla 47. Likitoci suna kiran wannan tirisomi, kuma shi ne fiye da rabin dukkan kurakuran da a ke samu a ɓari. Wanda aka fi gani shi ne na zare mai lamba 16, kuma ɗan tayin da dukkan ƙwayoyinsa ke da wannan ƙari ba ya kai wa ga haihuwa. Ƙarin zare na 21 shi ne ke kawo larurar Down, kamar yadda Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka nuna a birnin Paris a 1959. Waɗansu masu wannan ƙari a kan haife su su rayu, amma da yawa cikinsu ya kan zube tun da wuri.

Na biyu, rashin zare ɗaya. Wanda aka fi sani shi ne ɗan tayi mai X ɗaya tak ba tare da abokin tagwaitakarsa ba, jimla 45. Kusan 99 cikin 100 na irin wannan ciki ya kan zube. 'Yan kaɗan da a ke haifa mata ne masu larurar Turner.

Na uku, ninki uku. Maimakon 46 sai a sami 69, galibi saboda ƙwayoyin maniyyi biyu sun shiga ƙwai ɗaya a lokaci guda.

A nan akwai abin lura. Ƙarin zare ya fi fitowa daga ɓangaren ƙwai. Amma a inda aka rasa zare aka bar X ɗaya, galibi na ɓangaren uba ne ya ɓace. Ninki uku kuwa haɗuwar maniyyi biyu ce ta fi jawo shi. Ashe ke nan kuskuren yana iya zuwa ta kowane ɓangare, kuma babu wanda ya ke da iko a kansa. Ba abinci ne ya jawo shi ba, ba surfe ko ɗiban ruwa ba, ba hawan babur ba, ba kwanciyar aure ba. Cikin da ya shiga da irin wannan kuskure, babu hutu ko allura ko rubutun sha da zai gyara ƙidayarsa, domin umarnin ginin ne da kansa bai cika daidai ba.

Wannan ilmi ba na jiya ba ne. Tun 1963 David Carr ya soma duba zaren gadon abin da ya zube a ƙasar Kanada. A 1975 kuma Joëlle Boué da André Boué da Philippe Lazar na ƙasar Faransa suka buga sakamakon gwajin ɓari kimanin 1,500, suka iske kusan kashi 60 cikin 100 suna da kuskuren zaren gado. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe daban-daban ya tsaya a kan rabi ko fiye da rabi kaɗan.

Abu ɗaya da aka tabbatar yana ƙara yawan kuskuren shi ne shekarun uwa. 'Ya mace da dukkan ƙwayayenta a ke haihuwarta, suna nan ajiye shekara da shekaru suna jiran lokacinsu. Yayin da shekaru ke tafiya, abin da ke riƙe tagwayen zaren ya kan yi rauni, rabuwarsu ta riƙa karkacewa. Lissafin mujallar Lancet ya nuna cewa tsakanin shekara 20 zuwa 29 haɗarin ɓari kimanin kashi 12 ne cikin 100, amma daga shekara 45 zuwa sama ya kan kai kimanin kashi 65. Saboda haka uwar da ta haifi 'ya'ya shida lafiya, sa'an nan ta soma ɓari bayan ta haura arba'in, babu wanda ya yi mata asiri. Shekarun uba ma, idan sun haura 40, suna ƙara haɗarin kaɗan.

Kuskuren da a ke gado

Dukkan abin da muka ambata a sama tsautsayi ne na ciki ɗaya, iyayen kuwa zarensu lafiya lau ya ke. Amma akwai wani iri dabam wanda bai kai waɗancan yawa ba, shi ne sauyin gurbi. A koma ga misalin littattafai. A ce an yage waɗansu shafuka daga littafi na 4 an ɗinke su a bayan littafi na 11, an kuma kwaso na 11 an ɗinke a na 4. Mai littattafan bai rasa ko shafi ɗaya ba, don haka lafiyarsa ƙalau, bai ma san da zancen ba. Matsalar ba ta tasowa sai ya zo miƙa wa ɗansa kwafi ɗaya na kowane littafi. Ɗan yana iya samun littattafai lafiyayyu, ko ya sami irin ɗinkin mahaifinsa cikakke, duka biyun kuwa lafiya ne. Amma yana iya samun waɗansu shafuka sun maimaitu waɗansu kuma babu su, sai cikin ya zube.

A cikin ma'auratan da ke fama da ɓari a kai a kai, kimanin 2 zuwa 5 cikin 100 ne a ke samun ɗayansu da sauyin gurbi. Yana iya zama a jikin mijin, yana iya zama a jikin matar. Idan a jikin mijin ya ke, sakin matar ko ƙara aure ba zai kawar da shi ba, domin zai tafi da shi ɗakin amarya. Wannan kaɗai ya isa ya sa magidanci ya yi haƙuri da yanke hukunci kafin a yi bincike.

Kada kuma wanda aka samu da wannan ya ɗebe tsammani. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2006, ya bi diddigin ma'auratan da suka yi ɓari sau biyu ko fiye. Daga cikin masu sauyin gurbi, kashi 83 cikin 100 sun sami lafiyayyen ɗa daga baya. Daga cikin waɗanda ba su da shi, kashi 84. Bambancin shi ne masu sauyin gurbi sun fi haɗuwa da ƙarin ɓari a kan hanya.

Wa ya kamata a yi wa gwaji?

Ba kowane ɓari ne ke bukatar gwajin zaren gado ba. Bayan ɓari ɗaya na farkon ciki, likitoci ba su cika ba da shawararsa ba, domin sakamakon ba zai sauya abin da za a yi ba. Kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya, a ƙa'idojinta na 2023, ta ba da shawarar a gwada abin da ya zube a ɓari na uku da waɗanda suka biyo bayansa, da kuma duk ɓarin da ya auku bayan wata uku. Ƙungiyar masana haihuwa ta Turai kuwa tana lissafa ɓari biyu a matsayin ɓari mai maimaituwa, ta kuma yarda a yi gwajin domin a sami bayani. A taƙaice, daga ɓari na biyu ya kamata ma'aurata su je su ga likitan mata, shi ne zai duba shekarunsu da tarihinsu ya faɗa musu ko lokacin gwajin ya yi.

Gwajin iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Na farko, gwajin abin da ya zube, wanda ke nuna ƙidayar zaren ɗan tayin. Na biyu, gwajin jinin miji da mata, wanda ke nuna ko ɗayansu yana da sauyin gurbi. Galibi da na farko a ke farawa. Sai idan ya nuna alamar sauyin gurbi, ko kuwa akwai tarihin yawan ɓari ko haihuwar yara masu naƙasa a dangi, sa'an nan a ɗebi jinin iyaye, su biyun tare.

Haka kuma kada a ɗauka cewa gwajin jinotayif da a ke yi kafin aure ya wadatar. Wancan yana duba ƙwayar gado ɗaya ce tak, wadda ke kawo cutar sikila, ba ya ƙidaya zarurruka. Mai AA da mai AS duka suna iya samun ciki mai kuskuren ƙidaya. Auren zumunta ma ba shi ke kawo ƙari ko ragin zare ba. Abin da ya ke ƙarawa shi ne haɗarin cututtukan da sai ɗa ya gaji ƙwayar gado iri ɗaya daga uwa da uba su ke bayyana.

Yadda a ke yin gwajin

Abin da a ke bukata ɗan yanki ne ƙarami, galibi daga tsokar mabiyiya, domin zarenta iri ɗaya ne da na ɗan tayin. Sauran kuwa iyali suna iya karɓa su binne kamar yadda addininsu ya tanada.

Tsohuwar hanya ita ce a rena ƙwayoyin a ɗakin gwaji har su hayayyafa, a rina zarurrukan, a ɗauki hotonsu ta madubin likita, a jera su biyu-biyu a ƙidaya. Wannan shi a ke kira kariyotayif, kuma ya kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Rauninsa biyu ne. Tilas ƙwayoyin su isa da rai, in ba haka ba ba za su tsiro ba. Sa'an nan wani lokaci ƙwayoyin jikin uwa ne ke tsirowa a maimakon na ɗan tayin, sai sakamako ya fito da ƙidayar mace lafiyayya alhali ta uwar aka ƙidaya. Sabuwar hanya, wadda a ke kira maikuro'are, tana auna sinadarin gado ne kai tsaye, watau DNA, ba ta bukatar a rena komai. Ta fi saurin ba da amsa, ta fi ganin ƙananan kurakurai, amma ta fi tsada.

Shiri a Maiduguri da kewayenta

Babban wurin da a ke miƙa irin waɗannan matsaloli a wannan yanki shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, wanda Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya buɗe a 1983. A can akwai sashen likitocin mata da haihuwa. Mai zuwa daga Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, ko daga garuruwa kamar Biu da Monguno, ya nemi takardar miƙawa daga likitan da ya fara duba matar, domin tana rage maimaita bincike.

Ɗakunan gwajin da ke ƙidaya zaren gado kaɗan ne a Nijeriya, sau da yawa sai an aika da samfurin Legas ko Abuja, wani lokaci har ƙasashen waje. Tsakanin Maiduguri da Legas kuwa akwai fiye da kilomita 1,500 ta hanyar mota, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Samfurin da aka bari a irin wannan zafi ya lalace kafin ya isa. Saboda haka a kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Macen da ta taɓa ɓari sau biyu, ta yi maganar gwajin da likita tun cikin yana ƙarami, kada a bari sai ranar da jini ya ɓalle. A tambayi inda za a aika, da kuɗinsa, da tsawon lokacinsa.

2. Idan ɓarin ya auku a gida, a sa abin da ya fita a cikin mazubi mai tsabta mai murfi, a kai asibiti a ranar. Kada a wanke shi da sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta. A ajiye shi a wuri mai sanyi, amma kada a bari ya daskare.

3. A faɗa wa ma'aikatan asibiti tun da farko cewa ana son gwajin zaren gado. Dalili kuwa, a al'ada a kan zuba irin wannan tsoka a ruwan fomalin domin wani bincike dabam, fomalin kuwa yana kashe ƙwayoyin. Yankin da za a gwada a ruwan gishiri na asibiti a ke sa shi.

4. A adana takardun sakamako. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba 2024 ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri, har ta shiga Asibitin Koyarwa, iyalai da yawa kuma suka rasa takardunsu. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a ajiye kwafi a wurin wani amintacce.

Fiye da dukkan waɗannan, ran uwa shi ne gaba. Zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ruwa mai wari, matsanancin ciwon mara ta gefe ɗaya, jiri ko suma, duk alamu ne na a garzaya asibiti nan take, da samfuri ko babu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa.

Fahimtar sakamako

Sakamakon ya kan nuna ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Idan ya nuna ƙari ko ragi ko ninki uku, to an gano dalilin wannan ɓarin, kuma tsautsayi ne. Ko da ya ke kalmar kuskure tana da ban tsoro, wannan sakamako shi ya fi kwantar da hankali, domin yana nuna cewa ba mahaifar ce ta kasa ba. Babu wani magani da a ke bukata dominsa.

Idan ya nuna alamar sauyin gurbi, sai a gwada jinin miji da mata, a zauna da likita ya yi musu bayanin haɗarin da ke gaba. Mafi yawansu su kan ci gaba da neman haihuwa ta hanyar da aka saba, tare da sa ido a kan cikin. Akwai kuma hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, a duba zaren 'yan tayin kafin a dasa, amma tana da tsada ƙwarai, kuma ba ta ba da tabbacin haihuwa. 'Yan'uwan wanda aka samu da sauyin gurbi su ma suna iya ɗauke da shi, don haka yana da kyau su sani, amma da yardar mai sakamakon.

Idan kuwa ƙidayar ta fito daidai, kuma an tabbata ta ɗan tayin ce, sai likita ya juya ga sauran dalilai: ciwon sukari da ba a kula da shi ba, ciwon maƙoƙo da sauran rikicin sinadarinsa, wata larura mai sa jini ya riƙa daskarewa a mabiyiya wadda a ke magancewa da asfirin da allurar hefarin, shamaki a cikin mahaifa, raunin bakin mahaifa, zazzaɓin cizon sauro, da ciwon tunjere. Yawancin waɗannan ana iya bincikarsu a manyan asibitocinmu da kuɗi kaɗan, kuma da yawansu suna da magani. Saboda haka wanda bai sami halin gwajin zaren gado ba, kada ya fasa zuwa asibiti. Har ma waɗanda aka yi musu dukkan bincike ba a gano komai ba, mafi yawansu su kan haihu daga baya idan suka sami kulawa tun farkon ciki.

Akwai kuma wani irin ciki da a ke kira mola, inda mabiyiya ke rikiɗa ta zama ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan inabi. Shi ma daga rikicin zaren gado ya ke fitowa, amma yana bukatar a ci gaba da awon jini bayan an wanke mahaifa, har sai likita ya sallama. Macen da rukunin jininta ya ke nagatif, ta tambayi likita game da allurar da a ke yi bayan ɓari domin kare cikin gaba.

Sirri da amana

Sakamakon gwajin gado sirri ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya su riƙe sirrin majiyyaci, ta kuma ba shi hakkin a yi masa bayanin halin da ya ke ciki. Kafin a ɗebi jini, ya kamata miji da mata su yi alkawari tsakaninsu cewa ko a jikin wa aka sami abin, ba zai zama abin gori ba. Babu wanda ya zaɓi zaren da aka haife shi da shi. Iyayen miji da na mata, da malamai da limamai da shugabannin coci waɗanda a ke kai wa ƙarar irin wannan rikici, su ma suna da aiki babba: su tura ma'aurata asibiti tare, kafin a kai ga maganar saki. Neman sani ba ya kore tawakkali.

Kammalawa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Gwajin zaren gado ba ya mayar da cikin da ya zube, ba ya kuma yin alkawarin cikin gaba. Amfaninsa shi ne ya nuna wa ma'aurata inda za su dosa, ya kuma sauke wa mace nauyin laifin da ba ta yi ba. Wadda ke shirin sake ɗaukar ciki ta soma shan ƙwayar folik asid tun kafin ya shiga, ta kwana cikin gidan sauro, ta kuma fara awon ciki da zarar ta ga ɓatan wata. Mijinta kuwa ya raka ta.

Tambayoyin bita

1. Zaren gado nawa ne a ƙwayar jikin mutum, kuma nawa kowane ɗaya daga iyaye ke bayarwa?

2. Faɗi iri uku na kuskuren ƙidaya da aka fi samu a ɓari.

3. Me ya sa ƙara aure ba ya magance ɓari idan sauyin gurbi a jikin miji ya ke?

4. Mene ne bambancin gwajin jinotayif da gwajin zaren gado?

5. Waɗanne alamu ne ke nuna a garzaya da mace asibiti nan take bayan ɓari?

A karanta wannan darasi a ajin manya da majalisun unguwa, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba.